Yadda Ake Sabunta Lantarkin Ƙaramin Injin Sassaƙar Ƙarfe na CNC

Ƙananan injunan sassaƙar ƙarfe na CNC, wato waɗanda kwamfuta ke sarrafawa, da aka ƙera don makarantun koyon sana'a a shekarun 1980 da 1990, irin su Emco Compact 5 CNC na Ostiriya, da Denford Orac da Boxford TCL na Ingila, da yawansu ƙarfensu na nan garau. Abin da ke mutuwa shi ne ƙwaƙwalwar: allon lantarki da aka daina yin kayan gyaransa, manhajar da ba ta tashi sai a kan DOS, ko kaset ɗin ajiye shiri da ya daina karantuwa. Irin wannan inji bai cancanci a jefar da shi bola ba. Sabbin motocin lantarki biyu, direbobinsu (allunan da ke ba su wuta su juya), katin sarrafawa ɗaya da wata tsohuwar kwamfuta sun isa su dawo da shi aiki, har ya fi yadda ya fito daga kamfani.

Sai dai akwai kuskuren da ake yawan yi tun daga farko. Mutum ya ga layi biyu ne kawai, X mai shiga cikin aiki da Z mai tafiya tsawonsa, sai ya ɗauka abin mai sauƙi ne, ya fara da sayen motoci. A wannan inji, mazari ne uban tafiya, wato sandar da ke ɗauke da cok (abin da ke damƙe aiki) tana juya aikin. Idan kwamfuta ba ta san inda mazari yake a kowane lokaci ba, ba za ta yanka zare ba, ba kuma za ta daidaita tafiyar wuƙa da juyin aiki ba. Saboda haka daga mazari ake fara tsari, sauran kaya su biyo baya.

Auna ƙarfen kafin ka sayi komai

Cire filogi daga bango, ka jira minti 10, sannan ka sa mita a kan manyan kafasita ka tabbatar sun sauke wuta. Ɗauki hoton cikin akwatin ta kowace kusurwa, ka liƙa wa kowace waya lamba a ƙarshenta biyu. Wayoyin da suka fito daga jikin inji kada ka datse su gajeru. Kwance su daga wajen tsohon allo da tsawonsu. Kontakta, tiransifoma, fis da makunnin murfin cok sukan yi amfani a sabon tsari, don haka ajiye su gefe.

Abu uku za ka auna. Na farko tazarar zaren sandunan da ke tura sirdi, wato abin da ke ɗauke da wuƙa: yi alama a kan sandar, juya ta sau 10 da hannu, ka auna nisan da sirdi ya yi, ka raba da 10. Na biyu, ƙirga haƙoran fuli na moto da na sanda, ɗaya bayan ɗaya, da alamar alli a inda ka fara. Na uku shi ne wasa, wato ɗan lako-lakon da ke tsakanin juyin sanda da motsin sirdi idan an sauya alkibla. Ɗora agogon awo a jikin sirdi, tura shi gaba, sa agogon a sifiri, sannan ka juya sandar baya a hankali ka ga nawa ta juya kafin allura ta motsa, ka ninka wannan kason zagaye da tazarar zaren don ka samu wasan a milimita. A sanda mai ƙwallaye, 0.01 zuwa 0.02 mm ba laifi. Idan ya wuce 0.05 mm, kada ka yi saurin ɗora wa notin laifi. Sau da yawa boris ɗin ƙarshen sandar ne ya saki, ko fuli na zamewa a kanta. A layin X abin ya fi zafi, domin duk kuskuren da aka yi a can ninki biyu yake fitowa a kaurin aiki: 0.03 mm a sirdi, 0.06 mm ke nan a maikiromita. Manhaja na iya rufe ɗan wasa, amma ba ta hana wuƙa karkarwa. A gyara da sifana tukuna.

Mazari: juya shi da sanin inda yake

Duba farantin da ke jikin moton mazari. Idan na DC ne mai burushi, yawanci akwai allon saita gudu tare da shi, kuma idan yana aiki a bar shi. Amma a nan sai an yi hattara ƙwarai. A irin waɗannan alluna, musamman masu SCR kamar KBIC, wayoyi ukun da ke zuwa abin murɗa gudu ba a raba su da wutar bango ba. Idan ka haɗa su kai tsaye da katin sarrafawa, katin da allon duka za su ƙone nan take, kwamfutar ma tana iya tafiya, kuma mai taɓawa na cikin haɗari. Dole siginar gudu ta bi ta hanyar da aka keɓe ta daga sauran lantarki. Katunan Mesa 7i76E da 7i96S suna da irin wannan mafita a jikinsu, wadda aka yi don ta maye gurbin abin murɗawar.

Idan moton mai fes uku ne, sai a sa masa VFD, na'urar da ke sauya gudun moto ta hanyar sauya mitar wuta. Mai karɓar 220V fes ɗaya yana fitar da 220V fes uku, don haka sai an mayar da haɗin moton zuwa delta, in farantinsa ya nuna yana karɓar haka. Kada a sa makunni ko kontakta tsakanin VFD da moto. Saita lokacin tsayawa kamar daƙiƙa 2 zuwa 3. Idan ka matsa masa ya tsaya da wuri, ƙarfin juyin cok zai koma cikin VFD a matsayin wuta, ya yanke da kukan wuta ta yi yawa, sai fa in an sa masa resistan birki. Cok ɗin da ake ɗaurawa da zare kuwa yana iya kwancewa idan aka ja birki da ƙarfi ko aka juya baya. Kada kuma ka cire matakan bel don ka ga VFD na rage gudu: a ƙasa da kamar 20 Hz fankar moton ba ta sanyaya shi yadda ya kamata, ƙarfin yanka kuma ya ragu.

To, nan gizo ke saƙar: inkoda. Ita ce ke gaya wa kwamfuta kusurwar da mazari yake. A jikin mazarin kansa ake ɗora ta, ko a haɗa su da bel mai haƙora ɗaya-da-ɗaya. Ba a ɗora ta a kan moto, domin bel ɗin moto na zamewa kuma gudunsu ba ɗaya ba ne. Sigina uku ake so: A da B masu ƙirga juyi da nuna alkibla, sai Z (ta inkoda, ba layin Z na inji ba) mai bugawa sau ɗaya tak a kowane zagaye, wadda ke sa kowane yanka na zare ya faɗa cikin ramin na baya. Yawancin tsofaffin injunan suna da faifai mai ramuka a bayan mazari tare da idon haske. In yana nan lafiya, yi amfani da shi, ka dai wanke ƙurar bel daga idon.

Yi lissafin gudun siginar kafin ka zaɓa. Faifai mai rami 100 a juyi 3000 a minti yana ba da bugu 5000 a daƙiƙa, abin da ko kafar firinta ta tsohuwar kwamfuta za ta iya bi. Inkoda mai layi 1024 a wannan gudun tana ba da 51,200 a kowace waya, ƙirge sama da 200,000 idan aka haɗa A da B, wannan kuwa sai kati mai ƙirgawa da kansa. Don yanka zare a ƙaramin inji, rami 60 zuwa 100 sun wadatar.

Motocin taku da direbobinsu

Tsofaffin motocin sukan yi aiki, amma ba su cancanci wahalar ba. Na Emco Compact 5 CNC na asali taku 72 ne kawai a zagaye, ga rashin ƙarfi. Moton NEMA 23 na yanzu taku 200 ne, digiri 1.8 kowanne, kuma mai ƙarfin 1.2 zuwa 1.9 Nm ya ishi inji mai wannan girma. Guji kwaɗayin babba. Babban moto yana da indaktans mai yawa, ƙarfinsa na zubewa da wuri idan gudu ya ƙaru, kuma ranar da wuƙa ta daki cok, ƙaramin moto tsayawa zai yi, babba kuwa lanƙwasa sanda zai yi. Nemi mai indaktans 2 zuwa 3 mH.

Akwai ƙa'idar da aka saba bi wajen zaɓen wuta: ninka tushen murabba'in indaktans da 32. Moto mai 2.5 mH zai ɗauki har kusan 50V. Direba irin DM542 yana aiki tsakanin 20V da 50V, to amma kada ka ba shi 48V cif ka ce ai bai kai iyaka ba. Lokacin da moto ke rage gudu yana mayar da wuta baya, ta ɗaga layin sama da 50V, direba ya yanke ko ya lalace. Sa 36V, ko ka sauke mai 48V zuwa wajen 44V da ɗan sukurun da ke jikinta. Kowane direba a ja masa wayarsa daga na'urar ba da wuta, da fis nasa. Kada a ɗinke su ɗaya bayan ɗaya.

Gano tagwayen wayoyin moto da mita: biyun da suka nuna ƙaramin resistans a tsakaninsu naɗi ɗaya ne, su ne A+ da A-, sauran biyun B+ da B-. A jikin direba akwai jadawalin karan (yawan amfiyar da zai ba moto) mai layi biyu, na ƙololuwa da na RMS, na farkon ya ninka na biyun sau 1.4, tabbatar wanne kake karantawa. Kunna saitin rage karan zuwa rabi idan moto na tsaye. Moto ya yi zafin 60 zuwa 70 a ma'aunin Salsiyas ba matsala ba ne. Abin da ke kashe direba farat ɗaya shi ne cire wayar moto alhali da wuta, ko sukurun tasha da ya saki yana tartsatsi.

Ga lissafin da komai ya dogara a kai. A ce ka raba kowane taku gida 8, bugu 1600 ke nan a zagayen moto. Fulin moto haƙori 20, na sanda 40, wato moto ya juya sau 2 kafin sanda ta juya sau 1. Tazarar zaren sanda 2.5 mm. To 1600 sau 2, a raba da 2.5, ya ba da bugu 1280 a kowace milimita. Idan kana son sirdi ya yi 1200 mm a minti, 20 mm ke nan a daƙiƙa, bugu 25,600 a daƙiƙa, moto kuma na juyi 960 a minti. Wannan ya kusa iyakar inda moton taku ke da ƙarfin kirki. Raba taku gida 32 ko 64 ba ya ƙara daidaito a zahiri, bugu kawai yake ninkawa. 8 ko 10 ya isa ya sa tafiya ta yi laushi.

Kati da manhaja

Ga injin da ke juya aiki, LinuxCNC ce ta fi dacewa, kuma kyauta ce. Tana bin inkoda a kowace milisakan, ta ɗaure tafiyar Z da ainihin kusurwar mazari, don haka ko gudu ya ragu a tsakiyar yanka, zare ba ya kaucewa. Mach3 bugu ɗaya a zagaye take dubawa, ta ƙiyasta sauran. A ƙaramin inji da motonsa ke nishi idan wuƙa ta shiga, wannan ƙiyasin na iya ɓata zare. GRBL ta asali ba ta yanka zare sam. Wanda ba ya son taɓa fayilolin saiti yana iya duba Centroid Acorn, mai zuwa da katinsa da manhajarsa.

Kafar firinta na aiki, amma a nan kwamfutar ce ke haifar da kowane bugu, kuma 25,600 da muka lissafa ya kusa ƙure ta. Kati irin 7i96S da ke haɗuwa ta wayar Ethernet ya ɗauke wannan nauyin, ga shi yana ƙirga inkoda, yana karɓar makunnai masu 24V. A ja waya kai tsaye daga kwamfuta zuwa kati, ba ta rauta ba, a ba kafar adireshi tsayayye. Kafin komai, gudanar da gwajin jinkiri na LinuxCNC na awa ɗaya ko fiye, kana buɗe bidiyo da manyan fayiloli don ka wahalar da kwamfutar. Kafar firinta na son jinkirin ƙasa da maikirosakan 20; katin Ethernet ya fi haƙuri nesa ba kusa ba. Kashe saitunan tsimin wuta a BIOS yakan gyara lambobin. Laftof dai ba ta cika dacewa ba.

PNCconf, shirin saiti da ke zuwa tare da LinuxCNC, zai gina maka fayilolin farko. A wajen lokacin bugu, sa 5000 ns ga tsawon bugu da tazararsa, 10,000 ns ga sauya alkibla. DM542 na buƙatar aƙalla maikirosakan 2.5, kuma bugun da ya gaza haka shi ne ke sa moto ya yi shiru ko ya riƙa zubar da taku jefi-jefi, mutum ya yi ta zargin waya.

Shimfiɗa waya

Raba akwatin gida biyu: wutar bango, VFD da kontakta a gefe ɗaya, kati da wayoyin sigina a ɗaya gefen. Inda dole su haɗu, su gitta juna, kada su jera. Kafa ƙusa ɗaya ta tagulla a farantin akwati ta zama mahaɗar ƙasa, kowace na'ura ta kawo wayarta can, har da gadon inji da ƙofar akwati. Motocin taku a ja musu waya mai sulke, ƙwaya 4, kaurin 0.75 mm². Sulken wayar sigina a kama shi da ƙasa ta ƙarshen da ke akwati kawai. Na wayar VFD zuwa moto kuwa ta ƙarshe biyun, da matsi mai zagaye shi, ba a murɗe shi kamar wutsiya ba. Sa matatar EMI, mai tace hayaniyar lantarki, a mashigar VFD. Alamar an yi sakaci a nan ba ta ɓuya: komai lafiya har sai an kunna mazari, sai makunnin iyaka ya riƙa bugawa shi kaɗai ko lambar gudu ta riƙa tsalle.

Makunnan iyaka da na gida (masu nuna wa inji wurin da zai fara ƙirga) su zama masu zama a rufe, a kan 24V, domin idan waya ta tsinke inji ya tsaya maimakon ya makance. Kowane rile na DC a sa masa diyod a kan naɗinsa. Maɓallin gaggawa mai launin ja kuwa ba aikin manhaja ba ne. Ya yanke naɗin kontakta da waya tsagwaronta, ta yadda ko kwamfuta ta daskare wutar motoci za ta ɗauke, kuma sakin maɓallin kaɗai kada ya dawo da ita sai an danna na sake kunnawa. Wata ƙafar maɓallin daban ce za ta sanar da kati. Idan VFD na da mashigar STO, mai yanke ƙarfin moto kai tsaye, bi ta nan. Makunnin murfin cok a mayar da shi cikin da'irar mazari yadda yake a da.

Kunnawar farko

Ɗaya bayan ɗaya ake yi. Kunna na'urorin ba da wuta ba tare da kaya ba, ka auna. Haɗa kati, ka danna kowane makunni da hannu kana kallonsa a Halshow, tagar LinuxCNC mai nuna halin kowace sigina. Gwada jan maɓalli. Sannan moto ɗaya, bel a cire. Alkibla: Z mai ƙari na nisanta daga cok, X mai ƙari na ƙara kaurin aiki. Idan ta juye, sauya ta a saiti.

Mayar da bel, ka umarci tafiyar 10 mm a kan agogon awo, kana zuwa daga alkibla ɗaya don wasa kada ya shiga lissafi. Idan ka samu rabi ko ninki, makunnan raba taku ne ko an rikita kauri da rabinsa: umarnin G7 na sa lambar X ta zama kauri, G8 rabin kauri. Ƙara gudu da hanzari har moto ya yi ƙara ya tsaya, sannan ka sauko da kashi 30 cikin 100. Yi zirga-zirga sau 50 ka dawo kan agogo. Allura ta koma sifiri.

Sai mazari. Juya cok da hannu zagaye ɗaya cif ta alkiblar yanka: spindle.0.revs a Halshow ya ƙaru da 1.0 daidai. Idan raguwa yake, musanya A da B. Idan 4 ya nuna ko 0.25, ma'aunin inkoda ne: faifai mai rami 100 ƙirge 400 ne da A da B, 100 da A kaɗai.

Daidaita bakin wuƙa da tsakiyar aiki. Share fuskar guntun alminiyom, in ya bar ɗan tsiro a tsakiya, tsayin bai yi ba. Yi yanka kaɗan a jiki, janye ta Z ba tare da taɓa X ba, auna da maikiromita, ka shigar da lambar a matsayin X na wannan wuƙa. Idan za ka yi aiki da G96, mai ƙara juyi yayin da wuƙa ke kusantar tsakiya, kullum haɗa shi da D mai ƙayyade iyaka, misali G96 D2000 S100, in ba haka ba mazari zai ƙure gudunsa a tsakiyar aiki.

Zaren gwaji na M10 mai tazarar 1.5 mm zurfinsa kusan 0.92 mm ne, wato 0.613 sau tazara. A juyi 400 a minti, Z na bukatar 600 mm a minti, wanda ke cikin abin da injin zai iya. A juyi 1000 kuwa 1500 ake nema, ya wuce 1200 da muka saita, zare ya lalace. Tsaya a X12 Z5 cikin G7, ka ba da G76 P1.5 Z-15 I-2 J0.4 R2 K1.84 Q29.5 H2. Lura K ya zama 1.84, domin a G7 lambobin I, J da K duk na kauri ne. Tazarar 5 mm kafin aiki ita ke ba Z damar kama gudu. Fara yi a iska, sannan a shafa wa aikin tawada a yi yanka marar zurfi a gwada da ma'aunin zare.

Idan inji ya zo bakin zare ya tsaya cak, yana jiran bugun Z na inkoda ne da bai iso ba, ko spindle.0.at-speed bai zama gaskiya ba. Idan kowane yanka na buɗe sabon rami, siginar Z na bugawa fiye da sau ɗaya a zagaye, saboda hayaniyar VFD ko datti a idon haske. Idan zaren ya yi daidai a tsakiya amma farkonsa ya matse, ƙara tazarar farawa ko ka rage juyi.

Injin da ke da kan wuƙaƙe mai juyawa, a bar shi sai ƙarshe. Da yawansu ƙaramin moton DC ne ke juya su gaba su wuce harshen kulle, sannan ya dawo baya da ƙaramar wuta ya danne. Rile biyu da resista mai rage karan na komawa baya sun isa, kuma LinuxCNC na da sashen carousel da ke ƙirga matsayi. Kafin ka ba da umarnin sauya wuƙa na farko, sa wuƙa mafi tsawo a kai, ka kai sirdi wurin sauyawa, ka juya kan da hannu zagaye guda ka ga ba ta taɓa cok, aiki ko murfi ba.